Rasuwar Jar Tukunya, Mai Tace Sifirit ta Unguwar Lalle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe da tsumma, ni Wada ɗan Na'Allah nake sanar da 'yan uwa manoma da makiyaya rasuwar Jar Tukunya, tukunyar jan ƙarfe mai dogon bututu wadda na gada daga mahaifina, malamin dabbobi. Ta cika ranar Talata da hantsi, a shekara ta biyu ta wanga fari, tana da shekara talatin da ɗoriya a bakin aiki.

Marigayiya ba ta taɓa cin ƙwayar gero ba, wannan a rubuta. Guntayen rake da ruɓaɓɓen dabinon da ake sharewa a kasuwar Sabon Birni, su ne abincinta. Da su take fitar da sifirit ɗin da muke wanke gyambon shanu kafin tsutsa ta shige shi. Ba ta taɓa shayar da ɗan Adam ba, duk da abin da wasu bakuna ke faɗi a gindin itacen bedi. Tana da haƙuri. In ta yi zafi sai ta ce ɓul, ɓul, can kuma ka ji ɗis, ɗis, cikin kwalba, kamar tsohuwa na jan carbi.

Sharuɗɗanta kaɗan ne, kuma mahaifina ya dasa mini su tun ban yi gemu ba. A dafa ta a fili inda iska ke wucewa. Kada a kusanto da garwashi bakin kwalba. Ɗigon farko guba ne mai makantarwa, a zubar da shi a rami. Ruwan sanyaya bututu in ya ɗumama a sake shi, ko da rijiya na rowa. Sai babbansu: kafin a hura wuta, a sa baki a busa bututun, a ji iska ta fita ta ɗaya gefen.

Ciwon ajalinta ya faro daga kunyata. Da yunwa ta yi tsanani aka fara cewa ga Wada can yana dafa giya mutane na cin tafasa. Maganar ta ci ni. Na ɗauke ta daga rumfar da take rataye, na tura ta cikin rumbu, tunda dai babu hatsin da za ta matse. Wata uku tana can cikin duhu, ashe zanzaro ya samu gida, ya cika bututun da laka.

Ranar Talata sai ga Yero, makiyayin da ya shigo fari da shanu arba'in, ya rage da farar saniya guda. Ba ta iya tashi sai an ɗaga ta da sanduna, sandunan kuwa sun yi mata gyambo a ciki, ƙudaje sun fara taruwa. Ya zo da ruwan shan gidansa a jaki don sanyaya bututu. Na ga idonsa, na fito da ita daga rumbu, na yi gaggawa. Na tuna fili, na tuna rami, na tuna ruwa. Ban busa ba. Wayyo ni, numfashi ɗaya fa!

Ta ce ɓul, ɓul, kamar kullum. Na jira ɗis, shiru. Ta yi wani siririn fiii da ban taɓa ji ba, kafin in janye itace ta ce ɗam, cikinta ya dare gida biyu, tururi ya ƙone mini hannun dama. Laifina ne, ba nata ba, kuma za ni faɗi haka ko a gaban wa.

Ta bar ni, da matata Larai wadda ta sha wanke ta da toka, da kwalabe shida babu komai ciki. Farar saniya ta biyo ta ranar Alhamis, an yanka ta kafin ta ƙarasa. Da la'asar Yero ya zo duba hannuna. Shi da ya rasa saniya shi ya yi mini sannu, kuma wannan ya fi ƙunar zafi.

Za a kai gawar zuwa maƙerar Labbo da ke Sabon Birni ranar Asabar bayan sallar azahar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana, amma mai zuwa ya taho da ruwan shansa. Yero ne zai ɗauke ta a jakinsa. Shi ya nema da kansa, ya ce ai yanzu babu kiwon da zai hana shi.