Makokin 'yar roba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara wa unguwarmu makoki a kan 'yar roba.

Cikina na biyu ne, ya wuce lokacinsa, ga hawan jini. Na farko ba rai na haife shi, shi ya sa da likita ta ce bakin mahaifa bai buɗe ba, sai an taimaka masa kafin a tayar da naƙuda, sai na tsorata. Ungozomar asibitin, wata Madam mai haƙuri, ta saka min siririyar roba mai balan-balan a kai, ta ɗura mata ruwa, ta manne jelar a cinyata. Tana ta bayani, ni kuma ina ta "wi, Madam", wato "to, Madam" (wallahi ko kalma ɗaya ban riƙe ba, idona na kan gadon da na kwanta wancan karon).

Da la'asar ina zagaye a baranda, surukata Hajiya na riƙe da ni, sai na ji wani abu mai ɗumi ya sulluɓo, da jini-jini. Ban ko duba ba. Na durƙushe na ƙwala ihu, na ce shi ke nan, wannan ma ya tafi. Hajiya ta ɗau salati, ta ɗau waya. Kun san unguwarmu Briketeri, nan da nan labari ya kai har unguwar Tsinga, har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Madam ta zo, ta ɗage zanina gaban masu jinya, ta ɗago robar tana lilo.

"Ai abin da muke jira ke nan. Na gaya miki in hanya ta buɗe za ta faɗo da kanta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta sake buga waya tana harara ta.

Washegari da hantsi na haifi mace, da ranta da kukanta. Masu ta'aziyya suka dawo barka suna gimtse dariya, ni ma na taya su. Sai bayan suna, ina neman zani a kabad, na ci karo da ɗan farin yadi a naɗe. Mijina tela ne. Ashe kafin a warware labarin har ya yanka likkafani da hannunsa. Da na tambaye shi, ya ce har yau bai san yadda ya riƙe almakashin ba. Wannan kam ban yi dariya ba.

Tun daga nan, in abu ya faɗo, sai na leƙa kafin in yi kuka.