Cindo da Koren Buzuzu

Da mijin Yalwa ya rasu, ta rasa miji, ta kuma rasa shanun huɗa wurin rabon gado. Abin da ya faɗo mata gona ce da jaki, sai Cindo, ƙanin mamacin, gemu har ƙirji, wanda in ka ce ya tsaya sai ka tuna ka ce ya zauna. Ga damina ta matso, babu abin da zai ja garma.

Wata rana wani malamin jami'a ya sauka ƙauyen yana neman buzuzu mai koren baya, wai har yau masana ba su san dangin da za su sa shi ba. Ya ce zai biya. Yalwa ta tura Cindo, ta ja masa kunne kada ya taɓa ƙwaron da hannu. Cindo ya same shi yana gungura kashin jaki, ya ɗauki kara yana kora shi gida kamar saniya. Da hantsi suka taso. Da la'asar aka hango su bayan maƙabarta, buzuzu ne a gaba.

Wata rana ya kwaso su da yawa a hula. Yalwa ta ce ya kula da su kamar baƙi, arzikinta ne. Ya shimfiɗa musu tabarmarta, ya cika akushinta da kashin jaki, ya rufe da faifai. Ta dawo da yunwa ta buɗe.

"Kai Cindo, mayar da su inda ka ɗauko su!"

Ya kai kowanne bakin raminsa, ya tsaya sai da ya shige.

Washegari malamin ya zo, ta tarbe shi hannu wofi amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ashe an cika masa gwangwanaye da ƙwari, babu mai tuna inda ya tsinto nasa. Shi kuwa ramin yake so, da macen, da ƙwan. Cindo ya san kowane rami, amma ya ƙi motsawa, wai Yaya Yalwa cewa ta yi ya mayar, ba ta ce ya nuna ba.

Yalwa ta gyara zama, ta ce sai an yi ciniki kafin ta ce wa Cindo ya nuna. Malamin ya taya da tunkiya, ta ce albarka. Ya ƙara buhun gero, ta tashi ta kama shara. Ta yanka masa farashi: shanu biyu da garma. Ya tashi zai tafi. Sai da ya kai bakin zaure ta kira shi.

"Malam, sa ɗaya, wanda ya san huɗa, ya kwana a turkena yau. Na sallama."