Tubana a Gaban Tukunyar Gas

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekararmu ta biyu da gudowa Gombe daga Borno. A garinmu ina da lambun mangwaro da mahaifina ya dasa, ko reshe ban yarda a karya ba. A nan unguwar Arawa kuwa itacen girki nake sayarwa, daga bayan garin Kwadon nake saro shi. Da shi nake ciyar da baki tara.

Aka ce wata ƙungiya ta kira 'yan gudun hijira taro, za a raba kaya. Na saka babbar rigar da na tsira da ita. (Na ɗauka shinkafa ce.) Ashe wa'azin hayaƙi ne. Wani mai tabarau ya ce hayaƙin itace da gawayi na ɗumama duniya, dole ƙasa ta daure ta yi asara yau don jikoki su sha iska gobe. Bai faɗi daga aljihun wa asarar za ta fito ba. Ni na sani.

Sai ya ce wanda ya yi alkawarin rabuwa da itace ya fito ya karɓi tukunyar gas. Ni na fara tashi. Aka miƙo mini lasifika, baki ya kwashe ni. Na ce masu sare bishiya azzalumai ne, na kawo zancen lambun babana, yadda muke shimfiɗa tabarma a inuwarsa bayan azahar. (Wannan kam ba ƙarya ba ce.) Ana cikin tafi sai Maman Rifkatu, mai tuyar ƙosai a unguwar Herwagana, ta miƙe daga baya.

"Ɗan Barno, to ɗauri biyun da ka ce za ka kawo mini gobe fa? In nemi wani?"

Nan take dariya ta ɓarke. Ina tsaye rungume da tukunya kamar jariri. Maman Rifkatu ba ta ciniki sau biyu, in ta tafi ta tafi. Na ce, "Gobe da safe, in sha Allahu." A lasifika na faɗa.

Gas ɗin ya yi mana sati uku. Cika shi ya fi ƙarfin cinikina, yanzu baƙi ke zama a kan tukunyar. Gatari kuwa ban ajiye ba, kuma ba don ina son sa ba. A mayar da ni gida a gani.

Na dai koyi abu ɗaya: kafin ka tuba a bainar jama'a, leƙa kujerun baya ka ga wa ke zaune.