Yadda Za Ki Riga Ƙawarki Gama Littafi Ba Tare da Ta Gane Ba

Idan kun yi alkawari da ƙawarki za ku karanta littafin dodanni tare, babi ɗaya kowane mako, ba mai wuce wata, kuma ranki ya biya ki ci amanarta cikin mutunci, kin zo inda ya dace. Hanyar nan tabbatacciya ce. Verna Friesen ta garinmu ta gwada ta a kan Darlene, ƙawarta tun suna 'yanmata, kuma har yau tana numfashi.

Mataki na 1: Ki nemo dalili mai nauyi

Kada ki kira shi kwaɗayi. Kwaɗayi na yara ne, ke bincike kike yi.

Littafin su Verna tsohuwar tatsuniya ce aka juya ta baibai: dodon daji ne mutumin kirki, har burodi yake gasawa, yarima kuma kyansa ya yi yawa. Sun raba shi babi-babi ne saboda idon Darlene ya fara tafiya. Likita a birnin Winnipeg ya ce da wuya ta ga wani lokacin sanyin tana iya karatu. Ta ce to wannan ne na ƙarshe da za ta karanta da idonta, kuma tare da Verna, ƙafarta ƙafarta.

Wata Lahadi dusar ƙanƙara ta toshe hanya, babin makon kuma ya tsaya dodo na kan gada, sojoji a bayansa. Verna ta ce za ta leƙa ne kawai, ta tabbatar babu abin da zai tayar wa Darlene da hawan jini. Kin ji dalili. Kafin motar share ƙanƙara ta iso layinsu ta kai bangon baya, tana kuka a tawul ɗin kicin.

Masu hikima sun ce leƙen da aka yi don lafiyar wani sadaka ne.

Mataki na 2: Ki ɓatar da sawu

Ki mayar da alamar shafi inda kuka tsaya. Littafin da aka gama ba ya rufe bakinsa, don haka ki danne shi da buhun fulawa. Idan mijinki ya gan ki, ki toshe masa baki da kek ɗin tuffa. Namiji da cokali a hannu bai taɓa ba da shaida ba.

Mataki na 3: Ki koyi mamaki a gaban madubi

Ranar Alhamis suke haɗuwa a gidan kofi, teburin kusa da taga. Nan ne jarrabawa. Ki ɗaga gira, ki dafe ƙirji, ki yi hasashe, kuma ki tabbatar kin kuskure.

"Yariman nan ɗan albarka ne," in ji Darlene. "Shi zai ceci dodon, ki rubuta ki ajiye."

Verna, wadda ta san abin da ɗan albarkar zai aikata a babi na talatin, ta ce, "Ni kuwa akuyar dodon nake zargi."

"Akuya."

"Idonta bai yi mini ba."

Darlene ta daɗe tana juya cokali a kofi. "Tunda nake da ke ba ki taɓa zuba shirme da fara'a haka ba."

Wannan yabo ne. Ki karɓa ki ci gaba.

Mataki na 4: Kada ki yi zaman makokin wanda bai mutu ba tukuna

Nan mata ke faɗuwa. A wurin ƙawarki dodon na nan da ransa. Ke kaɗai kika je jana'iza.

Darlene na ba da labarin yadda ya tsira daga gadar, ya koma gida yana cewa in sanyi ya wuce zai dasa itacen tuffa a ƙofarsa. Dariya take yi. Hawaye suka cika idon Verna, domin ta san wata gadar na nan gaba, kuma ta san wanda zai dasa itacen, a kan kabarin wa.

"Lafiyarki?"

"Albasa ce."

"A cikin kek ɗin kirfa?"

Mataki na 5: In an kama ki, ki musa

"Ya mutu ko?" in ji Darlene.

"Wa?"

"Kar ki ce mini wa, tsohuwar munafuka. Idona ne ya tafi, kunnena na nan. Tun makon jiya kin daina kiran yarima da sunansa, wancan kike ce masa."

Ƙa'ida ta ce ki rantse. Verna ba ta rantse ba. Darlene ta laluba ta ɗauki hularta da sandarta ta fita. Alhamis ta zagayo, kujerarta babu kowa, wayarta kuma sai ƙara take ba a ɗauka. Kada ki damu. Ai kin san ƙarshen labari, ga teburi duka naki, ga kek biyu.

Mataki na 6: Ki tafi da tukunyar miya

Ba haƙuri kika je bayarwa ba, miya ce ta yi miki yawa. Verna ta tsaya a ƙofa da tukunya, ƙanƙara na taruwa a kafaɗarta. Darlene ta buɗe, littafin na hammatarta.

"Ajiye can. Gishiri ya yi yawa, daga nan na ji." Ta koma kujera. "Da na yi niyyar gama shi ni kaɗai, don in ƙona miki rai. Kwana nawa ina shafi ɗaya. Rubutun ya narke, Verna."

Verna ta ajiye tukunyar.

"Zauna. Tunda kin riga kin san hanya, ke za ki ja ni. Da murya. Kuma dodon muryarsa da kauri take, ba irin taki ta tunkiya ba."

"Babi ɗaya a mako?"

"Ɗaya. In kika riga ni kuka, kofin nan a kanki zai fashe."

Hattara

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abotar da ta tsage, ko miyar da aka kushe, ko maƙogwaron da ya dushe wajen kwaikwayon dodo. Duk wadda ta bi matakan nan ta bi ne da ƙafarta. Mai neman ƙarin bayani ta je gidan Darlene ranar Alhamis, amma kada ta yi gaggawa. Gada ta biyu ta kusa, kuma Verna mai saurin karatu yanzu rabin babi take yi ta ce muryarta ta gaji. Darlene ba ta taɓa cewa a ƙara ba.