Waken da Ya Riga Mai Girma Fitowa

Jama'a, jiya da hantsi ina tsakiyar wanki sai ga 'yata ta fari ta faɗo gida a guje, takalmi ɗaya a hannu. "Umma, za su tuge mana wake!"

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar manoma ta makarantarsu ta samu fili a bayan aji, kowane ɗalibi da layinsa. Aka ce kada wanda ya sa iri a ƙasa sai Mai Girma Uban Ƙoshi ya zo ya ƙaddamar da shuka. Sau uku ana ɗage ranar. Ruwan sama kuwa ba ya karanta takardar ofis. Malamin gona ya gaji, ya ce su shuka. Kwana goma sha biyu yarinyar nan tana auna tsironta da tsinken tsintsiya.

Na saɓa ƙaninta a baya, ko kumfar hannuna ban ɗauraye ba. Na tarar da wani mai fayil yana nuna wa leburori inda za su fara.

"Baiwar Allah, ki fahimta," in ji shi. "Yaya Mai Girma zai ƙaddamar da shuka a gonar da ta riga ta tsiro? Ai raini ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, waken bai san shi ba ne, a yi masa afuwa. Amma mai son tuge layin 'yata sai ya fara tuge ni."

Na jawo benci na zauna daram. Da na ga gumi ya fara keto masa, sai na nuna masa wani fako a gindin katanga, inda ko ciyawa ba ta fitowa. "Ga fili mai ladabi, bai taɓa riga kowa ba."

Mai Girma ya iso da motoci tara. Ya sa safar hannu, ya jefa ƙwaya uku a fakon, aka ɓarke da tafi. Mai hoto ya ga wurin ba fasali, ya jawo Mai Girma gaban waken yara ya ɗauke shi.

Da yamma rediyo ya ce Mai Girma ya yi shuka da safe, kafin azahar gona ta yi kore shar. Maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo ta katanga: "Maman yara, kin ji? Don Allah a kai shi gidan mai ya ɗan shafa famfo, ko fetur ya samu!" Muka yi ta dariya har goyona ya farka.

'Yata dai ta duba layinta, ko ganye ɗaya bai karye ba. Na roƙi malam in lokacin girbi ya yi a yi shi shiru. Kada a zo ƙaddamarwa a ce yara su mayar da waken cikin kwasfarsa.