Rasuwar Okiku da Batun Yatsu Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya, ni Aruga Shunpei na garin Suwa nake sanar da 'yan'uwa mahaya rasuwar babur ɗina, wadda kowa ya sani da suna Okiku. Ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara talatin da ɗaya, wato ta girme ni da biyar.

Marigayiyar baƙa ce, doguwa, mai faɗin kujera da nauyin da ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kansa ba. Da safiyar sanyi sai ta yi tari sau biyu, kuf, kuf, sannan ta saki muryar nan tata, dum-dum, dum-dum, har karen maƙwabta ya shige ɗaki. Na karanta littattafan soyayya fiye da yadda ya kamata, ban ga wanda ya iya kwatanta wannan muryar ba. A kanta wani baƙon mahayi ya fara ɗaga mini yatsu biyu da muka yi kiciɓis a hanyar saman dutse, gaisuwar da muke yi wa junanmu. Ranar na yi kuka cikin hular kwano. A kanta kuma Chizuru, wadda zan aura, ta fara riƙe ni.

Game da ciwon ajalinta, gaskiya ta fi: ba ita ce marar lafiyar ba, ni ne. Tun da na faɗo daga tsani a gonar tuffar kawuna bara, ƙafata ta hagu ba ta cika alkawari. Danja ta tsayar da mu gaban shagon burodi, na sa ƙafa ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe. Okiku ta kwanta a gefen kwalbati, cikin injinta ya tsage, baƙin mai ya malale. Ta ce tik, tik, tik, ta yi shiru. Miyasaka bakanike ya duba, ya cire hularsa, ya ce an daɗe da daina ƙera kayanta.

Ta rasu ta bar ni, da Chizuru, da hular kwano biyu, da ɗigon mai a simintin gareji wanda na hana a wanke. Kullum sai na zagaya shi. Hannuna na dama yana murɗa iska kamar yana ba babur wuta, ko ina cin shinkafa. Saura kwana tara a buɗe hanyar saman dutse bayan dusar ƙanƙara, ranar da ƙungiyarmu take fitar farko, ni kuwa ko zama wuri ɗaya ya gagare ni.

Ina godiya ga waɗanda suka yi mini ta'aziyya ranar Lahadi a wurin hutawar matafiya, ko da yake kafin kofin gwangwanin da suke sha ya huce sun koma zaɓa mini magajiya. Miyasaka ya ce sababbin manyan babura sun fi sauƙi, kujerarsu ƙasa-ƙasa. Wani ya ce sababbin ba su da murya, sai ka ce keken ɗinki. Sai Chizuru ta ajiye hoton babur mai ƙafa uku a kan benci, ta ce wannan ba ya faɗuwa a danja.

Baba Kuwabara, shugabanmu, mai shekara saba'in da huɗu, ya ɗauki hoton da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Wannan ai kujerar falo ce aka sa wa inji," in ji shi. "Abin da ba ya kwantawa a kwana, wa zai ce masa babur? Shunpei, in ka hau wannan, ka nemi gaisuwa wurin masu motar kifi. Ni dai hannuna ba zai tashi ba."

"To Baba, ara masa ƙafarka mana," in ji Chizuru. "Ko ita ma tana gareji? Na ga mutum uku suka tura ka baya a kan babur ɗinka ɗazu."

Aka kwashe da dariya, ban da shi, ban da ni. Ba iska nake tsoron rasawa ba, mai ƙafa uku ma yana shan iska. Tsorona in ɗaga hannu a hanyar da na girma a kanta, a wuce ni kamar allon talla. Duk da haka na karɓo mai ƙafa ukun ranar Litinin, domin zaman gida ya fi wannan ciwo. Ban sa masa suna ba tukuna, kunyar marigayiya nake ji.

Jiya da rana Baba Kuwabara ya zo garejina shi kaɗai. Ya sunkuyar da kai ga ɗigon man. Sannan ya zagaya sabon sau biyu, yana dafa gwiwa.

"Wai da gaske yana yin ribas da kansa?"

Na ce yana yi.

"Wani abokina ne ke tambaya," in ji shi, ya tafi.

Za a yi jana'iza ranar buɗe hanya, ƙarfe tara na safe. Malamin wurin ibadar unguwarmu zai yi addu'a a kan makullinta da lambarta, kowa ya ƙona turare, daga nan Miyasaka ya raba sassan jikinta ga masu buƙata. Kada a kawo furanni, a zo da tanki cike. Ayarin zai hau dutse, ni ne a gaba, kan taya uku, Chizuru a bayana, makullin Okiku a aljihun ƙirjina.

Baba Kuwabara ya aiko cewa ba zai shiga ayarin ba. Ya ce zai bi ta bayan dutse ya gangaro, mu haɗu a babbar kwana, shi yana saukowa ni ina hawa. Ya kuma ce in rage gudu a wurin, domin kafaɗarsa ba ta tashi da sauri kamar dā.