Ranar da Injiniya Zakari Ya Koma Jita

"Duk abin da ke da waya a cikinsa, daga nan Mafara har Maradun, ɗana ne. In na ce ya yi magana, dole ya yi!"

Zakari ke nan, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwar Talata Mafara. Shi ya rubuta wa kansa "Injiniya" da jan fenti a ƙofar shago, ba wanda ya naɗa shi. Kai dai abokina, kai masa fanka mai juyi a hankali, ka dawo ka tarar ta tsaya cak, ya ce maka hutawa take yi.

Wata Asabar da hantsi sai ga Mu'awiya, makaɗin zamani daga Bakura, ya diro daga babur gumi sharkaf, rungume da jitar bes, irin mai kaurin muryar nan. Sarkin Fawa Ɗanasabe ke yi wa ɗansa aure, ya kuma rantse gaban mahauta cewa bayan la'asar garin zai ji kiɗan da bai taɓa ji ba. Ga jita ta yi gum.

"Injiniya, ka cece ni. Na jona ta da lasifika, ko tari ba ta yi. In Sarki ya ji kunya yau, ba ni komawa Bakura da fatata."

"Wanga ɗan abu? Tahi ka kafa kayanka. Kahin ka dawo tana waƙa."

Shi kuwa gogan naka bai taɓa riƙe jita ba, a talabijin kawai yake gani. Ya kwance murfin baya, ya ga wata 'yar waya ta ɓalle daga ramin da ake cusa kebul. Ya ɗiga mata dalma ya liƙe. Wallahi, sa'a ce tsagwaronta, amma aikin ya yi daidai. Ya jona ta da lasifikar shago, ya ja tsirkiya.

Duuum!

Har kwanon furarsa sai da ya girgiza. Yari mai balangu, maƙwabcinsa, ya leƙo da wuƙa a hannu.

"Wa ya shigo da bijimin sa cikin shagon ga?"

Da mai hankali ne, nan zai mai da murfi ya jira godiya. Ina! Zakari ya girgiza kai irin na manyan likitoci.

"Ka ji ko, Yari? Ciwon bai hita ba. Jita siririyar murya gare ta, kamar ta amarya. Wagga mura ta shaƙe ta."

Ya sauya jar waya da baƙa, jita ta kama ƙugi kamar injin niƙa. Ya datse baƙar, ƙugin ya ƙaru. Ya ciro maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ya wanke da fetur. Can ya buga cinya.

"Na gano ta! Dubi kaurin tsirkiyar nan, sai ka ce igiyar ɗaure shanu. Ta ina murya za ta yi daɗi?"

Ya sa filaya ya guntule su duka, ya ɗaura siririyar waya da ya warware daga mataccen injin fanka. Ya ja. Shiru. Ya sake ja, ya kara kunne, ya hura, ya ɗan mare ta. Shiru dai.

"To, gurnanin dai ya tahi," in ji shi. "Saura kaɗan."

Bayan azahar Mu'awiya ya dawo, ga Sarkin Fawa da kansa a bayansa da ƙartin mahauta, ko wuƙaƙensu ba su ajiye ba. Mu'awiya ya ga hanjin jitarsa baje a tabarma.

"Inna lillahi! Injiniya, mi ka yi mata?"

"Gode mini za ka yi. Ranka ya daɗe, da na liƙe wayar, wani mugun kuka ta fara." Ya cika ƙirji, ya kumbura kumatu. "Duuum! Dum-dum-duuum! Haka fa, kamar bijimi. Shi na kashe."

"Ai ita ce muryarta!" Mu'awiya ya ɗora hannu a ka, hawaye na zuba. "Ka gyara ta ka kashe ta! Tsirkiyar ga sai Sakkwato, ga la'asar ta kawo jiki!"

Sarkin Fawa bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Zakari ke nan. Ya dube shi sama da ƙasa, irin duban da yake yi wa sa ranar kasuwa.

"Yaro, sake yin kukan nan in ji."

"Ranka ya daɗe, ni injiniya..."

"Sake!"

"Duuum."

"Madalla. Ku ɗauko shi."

Haka aka yi biki. Mu'awiya na gaba rataye da gawar jita yana motsa yatsu, Injiniya na tsugune bayan lasifika da makirfo a baki yana dum-dum. Mata na guɗa, masu kalangu na dariya har suna kuskure kiɗa. Gab da magariba maƙogwaro ya gaji, murya ta sirance, ta koma tsiii kamar ta ɗan tsako.

Sarkin Fawa ya waiwayo daga kujerarsa, ya yafito Yari mai balangu da ke yanka wa baƙi nama.

"Wagga jitar ma ta lalace. Yari, miƙo wuƙar nan mu buɗe ta mu duba wayoyi."

"DUUUM!" in ji Zakari.

A duk gyare-gyaren da aka yi ranar nan, wannan ne kaɗai ya ɗore.